Wata biyu ban ga al'ada ba tun bayan azumi: amsar likita

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekarata 29, ina da aure da yara biyu, na yaye ƙaramin tun bara. Al'adata ba ta wuce kwana 28 ko 29. Da azumin bana sai ta yi lattin kwana 9, da ta zo ma ɗan kaɗan ne, kwana biyu ta ɗauke. Bayan Sallah na yi ramuwa, na ɗora da Sitta Shawwal. Da na ga tumbina ya fara sauka sai na zarce: na daina cin tuwo da shinkafa, sau ɗaya nake cin abinci a rana, ina kuma shan shayin rage ƙiba. Na sauke kilo 8. Yanzu wata biyu ke nan ban ga komai ba. Azumin ne ya jawo ko wata cuta ce? Zan iya shan maganin da zai sauko da jinin?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Kafin mu taɓa maganar azumi, gobe da safe ki sayi tsinken gwajin ciki a kemis, ki gwada da fitsarin farko. Matar aure mai shekarunki, wadda ba ta shayarwa, in al'adarta ta ɗauke wata biyu, ciki ake fara zato har sai gwaji ya ce a'a. Kada ki sha komai da sunan sauko da jini kafin wannan gwajin, na asibiti ne ko na gargajiya. In ya nuna akwai, to yau shayin nan da cin abinci sau ɗaya sun ƙare, sai shirin zuwa awo. In babu, ki sake bayan mako guda don a tabbatar, sannan ki karanta sauran abin da zan faɗa a matsayin naki.

Abubuwa biyu ne a labarinki, kuma bai kamata a haɗa su a ɗora wa azumi ba. Lattin kwana 9 na cikin Ramadan daban, ɗaukewar wata biyu bayan kin sauke kilo 8 daban. Na farkon ƙaramin abu ne da yakan gyara kansa. Na biyun shi ne ya ja hankalina.

Mata da yawa suna ɗauka mahaifa ce ke tsara lokacin al'ada. Umarnin daga ƙwaƙwalwa yake fitowa. Akwai wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa, haifotalamos, da ke sakin wani homon, wato sinadarin da ke kai saƙo a cikin jiki, mai suna GnRH kaɗan-kaɗan, kamar bayan kowace awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi a rabin farko na wata. Wannan saƙon ne ke motsa wata ƙaramar ƙulluwa da ke kusa da shi, fituwitari, ta saki homon biyu, FSH da LH, su tafi ma'ajiyar ƙwai. Can ne ƙwai ke nuna, ana samar da homon ɗin estrojin mai kauraro shimfiɗar cikin mahaifa. In ƙwan ya fita sai wani homon, furojestaron, ya karɓi aiki, ya riƙe shimfiɗar kusan kwana 14. Ba a samu ciki ba, furojestaron ya sauka, shimfiɗar ta zubo. Jinin al'ada ke nan.

Ki riƙe wannan kwana 14 ɗin, don shi ne ke warware ruɗanin. Tsakanin fitar ƙwai da zuwan jini kusan a kafe yake, ba ya cika canzawa. Abin da ke tsawo ko gajarta shi ne lokacin da ƙwan ke ɗauka kafin ya fita. Ma'ana, da jininki ya yi lattin kwana 9, ƙwanki ne ya yi latti tun makonni biyu kafin nan. Shi ya sa wata za ta ce ita lafiya lau ta ga al'adarta a cikin azumi, sai bayan Sallah abin ya rikice: azumin ya riske ta ne bayan ƙwan wannan watan ya riga ya fita, sai na wata mai zuwa ya sha wahalar.

Me zai sa ƙwaƙwalwa ta jinkirta ƙwai? Lissafi take yi irin na maigidan da ya leƙa rumbu ya ga hatsi ya yi ƙasa: cin yau da gobe ba za a fasa ba, amma bikin da aka sa rana sai a ɗaga. Bugun zuciya da numfashi da aikin ƙwaƙwalwa dole ne. Ɗaukar ciki na wata tara da shayarwa abu ne mai cin ƙarfi da za a iya ɗagawa. Jiki yana da hanyoyin sanar da ƙwaƙwalwa abin da ya rage: insulin, homon ɗin da ke daidaita sukari, da sukarin jini, da wani homon da kitse ke fitarwa mai suna leftin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a Jami'ar Rockefeller ta Amurka a 1994. In waɗannan suka yi ƙasa, homon ɗin damuwa kotisol kuma ya hau, sai sakin GnRH ya yi jinkiri, ƙwai ya ƙi nuna a kan lokaci.

An daɗe da ganin haka a fili. A hunturun 1944 zuwa 1945, ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Jamus sun toshe hanyar abinci zuwa yammacin ƙasar Holan, har rabon da ake ba mutum ɗaya ya faɗo ƙasa da kalori 1,000 a rana (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Kusan rabin matan biranen da abin ya shafa al'adarsu ta ɗauke, haihuwa ta ragu sosai bayan wata tara. Da aka 'yantar da ƙasar a watan Mayun 1945 abinci ya dawo, al'ada ta dawo, haihuwa ma haka. A shekarun 1970 Rose Frisch ta Jami'ar Harvard ta ce sai kitsen jikin mace ya kai wani mizani, kusan kashi 22 cikin 100, kafin al'ada ta riƙa zuwa daidai. Daga baya aka fahimci zancen ya wuce yawan kitse. Anne Loucks ta Jami'ar Ohio ta nuna a 2003 cewa in aka rage wa mata masu lafiya abinci, abin da ya rage wa jiki bayan an cire na motsa jiki ya gaza kalori 30 a rana a kan kowane kilo na jikin da ba kitse ba, to cikin kwana biyar kacal sakin LH yake fara rikicewa. Ba sai an rame ba. Ga misali: mace mai kilo 60, wadda kilo 45 na jikinta tsoka ce da ƙashi da ruwa, iyakarta ta kama wajen kalori 1,350 a rana. Wadda take cin abinci sau ɗaya, babu tuwo babu shinkafa, ga girki ga wanki ga hidimar yara, abu ne mai sauƙi ta faɗa ƙasa da haka ba ta sani ba. Nan nake zaton kike. Mai ƙiba ma tana iya shiga wannan halin, domin ƙwaƙwalwa giɓin da ke tsakanin abin da ke shiga da abin da ke fita take kallo, da saurin da nauyi ke zubewa.

Shi azumin Ramadan a karan kansa bai kai nan ba ga yawancin mata. A ƙasar Hausa awa 13 zuwa 14 ne, kuma ana ci da dare. Wasu ma ƙiba suke ƙarawa. Amma yana taɓa al'ada, kuma an auna. Wani bincike da aka wallafa a 2013 daga Hamadan ta ƙasar Iran ya bibiyi ɗalibai mata 80 kafin Ramadan da cikinsa da bayansa. Kafin azumi kusan ɗaya cikin goma ce al'adarta ba ta zuwa daidai, a cikin azumi suka kai kusan uku cikin goma, daga baya adadin ya sauko. Abin ya fi fitowa ga waɗanda suka yi azumi fiye da kwana 15. Ƙaramin bincike ne, kuma 'yanmata ne 'yan makaranta, amma ya yi daidai da abin da muke gani a asibiti duk shekara bayan Sallah.

A ganina rabin laifin na barci ne. Ki duba ranar matar gida a Ramadan: ta tashi ƙarfe uku da rabi ko huɗu ta ɗora sahur, ta sallami 'yan makaranta, tun azahar tana gaban murhu, ta yi asham, ta wanke kwanuka, goman ƙarshe ga tahajjud ga ɗinki ga cincin ɗin Sallah. Ita ce ta dafa komai, ita ce kuma ke ƙarshen ci. Ta sha kunu, ta ɗauki ƙosai biyu, ta cika ciki da ruwan sanyi da lemon kwalba, ta ce ta ƙoshi. Sahur kuwa shayi ne kawai, ko ta bar shi gaba ɗaya don ta ƙara barcin rabin awa. In azumin ya faɗo a Maris ko Afrilu, kamar na 2024, lokacin da zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, sai gajiyar ta ninka. Haifotalamos ɗin da ke sakin GnRH shi ne kuma ke riƙe da agogon barci da farkawa, don haka ba mamaki rikicewar ɗaya ta taɓa ɗayan. Lattin mako guda ko kwana goma, ko zuwa da wuri da 'yan kwanaki, ko jini ya ragu, ko ɗan ɗigo a tsakiyar wata, duk ana ganinsu, kuma cikin wata ɗaya ko biyu bayan Sallah sukan daidaita ba tare da magani ba.

Ke naki bai samu damar daidaita ba, domin jikinki bai ga Sallah ba. Daga Ramadan kika shiga ramuwa, daga ramuwa Sitta Shawwal, daga nan cin abinci sau ɗaya. Ramuwa tana da faɗin lokaci har zuwa Sha'aban, mace tana iya rarraba ta. Amma wannan ma da sauƙi in ana ci da kyau da dare. Abin da ya karya lissafin shi ne yanke abinci mai ba da ƙarfi gaba ɗaya.

Shayin rage ƙiba kuwa ki ajiye shi. Da yawa daga cikinsu ganyen filasko ne ko wani abu mai sa gudawa da yawan fitsari. Ruwa suke fitarwa, sikeli ya nuna kin ragu, kitsen yana nan. In aka daɗe ana sha hanji yakan saba, sai ya ƙi aiki in babu shi, gishirin jiki irin su fotasiyam ya ragu. Tunda muna nan bari in taɓo kishiyarsa, don masu karatu: ƙwayoyin sa ƙiba irin su sha-ka-fashe, musamman waɗanda ke ɗauke da Dexamethasone, su ma suna rikita al'ada, ga hawan jini da ciwon suga da kumburin fuska da suke jawowa.

Wata za ta ce ai hutu ne, babu ciwon mara, babu sayen auduga, babu fashin sallah. Haɗarin yana ɓoye ne. In ƙwai ba ya nuna, estrojin yana ƙasa, shi kuwa estrojin shi ke tsare ƙashin mace. Ƙashi yana ginuwa ne har wajen ƙarshen shekaru ashirin da wani abu, daga nan sai tattali. Watanni da yawa babu estrojin suna cinye wannan ajiyar, kuma ba duka ke dawowa ba. Akwai kuma bushewar gaba, da raguwar sha'awa, da zubewar gashi, da jin sanyi, da saurin fushi. Ga mai neman haihuwa, babu ƙwai babu ciki. Ga wadda ba ta nema kuma tarkon ya fi muni, domin ƙwai yana riga jini fita. Ranar da jikinki ya farfaɗo, ƙwan zai fita makonni biyu kafin ki ga alamar komai. Mata da dama da ke tazarar haihuwa da ƙirgen kwanaki ta nan suke samun cikin bayan Sallah: sun ƙirga kwanakin da suka saba ɗauka babu haɗari, alhali ƙwan ya matsa gaba ya faɗo a cikinsu.

Maganar maganin sauko da jini: akwai shi, likita yakan ba da ƙwayar furojestaron ta 'yan kwanaki, in an daina jini ya zo. Amma wannan gwaji ne a wurinmu, muna duba ko shimfiɗar mahaifa ta samu estrojin. Ganin jinin ba ya nufin ƙwai ya dawo fita. Zoɓo mai citta da kanumfari, ko jiƙon kanwa, ba su da ikon sa ƙwaƙwalwa ta saki ƙwai, kanwa kuma in ta yi yawa tana wahalar da ƙoda. Maganin irin naki abinci ne.

Ki koma cin abinci sau uku. Tuwo da shinkafa da doya da dankali su dawo, sai dai ki daidaita yawansu: malmala ɗaya matsakaiciya, miya mai yawa mai ganye, ga wake ko ƙwai ko kifi ko nama a gefe. Kada ki gudu daga mai baki ɗaya. Gyaɗa, riɗi, ɗan man gyaɗa ko manja a miya duk suna da gurbi. Fura da nono ba tare da an tula sukari ba abinci ne mai kyau, ga ƙarfi ga sinadarin gina ƙashi. Ki dakatar da azumin nafila har jinin ya dawo sau biyu a jere. Mai yiwuwa sai kin maido kilo biyu ko uku, kuma yana iya ɗaukar makonni ko 'yan watanni. Bayan nan in har yanzu kina son ragewa, rabin kilo a mako ya isa, ta hanyar rage lemon kwalba da soye-soye da tafiyar minti 30 a rana.

Ba kowace mace ce rage abinci ke cutarwa ba, kuma dole in faɗi wannan don kada wata ta ɗauki amsarki ta zama tata. Akwai matsalar da likitoci ke kira PCOS, wadda ke samun kusan mace ɗaya cikin goma: al'ada tana tsallake wata biyu ko uku tun tana budurwa, ga ƙuraje, ga gashi a haɓa ko ƙirji, sau da yawa ga ƙiba da baƙin wuya. A wurinta insulin ne ya yi yawa, yana tura ma'ajiyar ƙwai ta samar da homon ɗin maza. Kitse ma da kansa yana samar da estrojin, in ya yi yawa ya rikita saƙon. Irin wannan in ta sauke kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta a hankali, sau da yawa ƙwai yakan dawo fita. Shi ya sa za ki ji wata tana cewa ita sai da azumi al'adarta ke zuwa daidai, kuma gaskiya take faɗa. Ke da kika shekara da shekaru a kan kwana 28, ba a wannan rukunin nake sa ki ba.

In gwajin ciki ya nuna babu har sau biyu, kika gyara ci, amma aka cika wata uku babu jini, ki je asibiti ki ga likitan mata. Za a duba homon ɗin tayirod, wato ƙulluwar maƙogwaro, da furolaktin mai sa ruwan nono, domin su biyun suna ɗauke al'ada kuma suna da magani. Za a iya auna FSH da estrojin, a yi sikanin ɗin mara, a duba yawan jininki. Ki gaya wa likitan duk abin da kike sha. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku da ashanar fata suna ɗauke al'ada ko su sa ɗigo, ƙwayar gaggawa irin Postinor tana matsar da ita, wasu magungunan ƙwaƙwalwa da na amai suna ɗaga furolaktin. Kada ki jira wata ukun in akwai ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya, ko jiri da suma, ko ruwan nono yana fita, ko ciwon kai tare da canjin gani. Haka in jinin ya dawo ya wuce kwana 8, ko kina jiƙe auduga kowace awa ɗaya ko biyu, ko yana fita da manyan gudaji.

Wannan na ƙarshen ya kawo mu ga ƙarancin jini, wanda ya fi ɗaukewar al'ada yawa a wurinmu nesa ba kusa ba. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya samu kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Mace mai al'ada tana buƙatar kusan miligiram 18 na sinadarin ƙarfe a rana, namiji 8. Wadda ta yanke abinci a kan wannan halin ta ƙara wa kanta nauyi. Hanta ko da sau ɗaya a mako, jan nama, kifi, wake, zogale, alayyafo, gero, su ne masu shi. Lemon zaƙi ko gwaiba ko tumatir ɗanye tare da abinci suna taimaka wa hanji ya tsotse shi, shayi kuma yana hanawa. Mai shan shayi da sahur ko a kan abincin buɗa-baki ta ba da tazarar awa ɗaya ko biyu.

Domin azumin baɗi, abin da zan ce ki kiyaye kaɗan ne. Sahur ya zama abinci na gaske mai daɗewa a ciki, irin tuwo da miya ko wake ko fura, a kuma jinkirta shi zuwa kusa da asuba. Bayan dabino da kunu a ci abinci sosai, ko da sai bayan asham ne. Ruwa a rarraba shi daga magariba zuwa sahur maimakon a ɗura shi lokaci guda. Barcin rana ko na rabin awa ne a same shi, girkin ma a raba da masu hannu a gidan. Ki riƙa rubuta ranar da jini ya fara a kalanda ko a waya, domin likita da wannan yake aiki, malamin da za ki tambaya hukuncin ɗigo ko jinin da ya zarce kwanakinsa shi ma da shi zai ba ki amsa.

Sai ƙwayar ɗaga al'ada, tunda duk shekara ana tambaya, ga masu son cika azumi ko goman ƙarshe ko masu tafiya Umara. Norethisterone ce, wadda aka fi sani da Primolut N. Ana fara ta kwana uku kafin ranar da ake sa ran jini, in an daina yakan zo bayan kwana biyu ko uku. Ba ta hana ɗaukar ciki a yadda ake shan ta don wannan, kuma takan bar wata ɗaya ko biyu a rikice. Mai tarihin daskarewar jini a jijiya, ko ciwon hanta, ko ciwon ɓarin kai mai tsanani, ko mai zaton ciki, bai dace ta sha ba, kuma doguwar tafiyar jirgi tana ƙara haɗarin daskarewar jinin. Likita ne zai rubuta ta bayan ya duba mace. Ke dai a halin da kike ciki yanzu ba ki da hurumi da ita. Ki fara da gwajin gobe da safe, ki ci abincin rana da na dare, in wata na uku ya cika babu labari ki tafi asibiti da kalandarki da kwalin shayin nan a jaka.